Kunne Zai Zauna A Tsakiya

Yabon gwani ya zama dole. A duk cikin waɗanda muka gama kwaleji tare, shekara ashirin da ɗoriya ke nan, babu wanda Allah ya yi wa baiwar tsari irin Babban Jami'in Tsare-tsare. Shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma ya kyauta, don da mu ya tsaya jira da har yau yana jira. Mutum ne mai cikar kamala da cikar tumbi. Ba ya tafiya, takawa yake yi. Ba ya magana, jawabi yake gabatarwa, ko da kuwa ƙarfe nawa aka tambaye shi. A aljihun gaban rigarsa kullum akwai biro kala-kala a jere: baƙi na sa hannu, shuɗi na ba da umarni, ja na gyara kuskuren jama'a. Jan ne yake riga sauran ƙarewa.

A wani kamfanin inshora yake aiki, inda yake riƙe da muƙamin mataimakin shugaban sashen kayan aiki. Masu hassada suna cewa mai gadin kujeru ne. Ofishinsa yana ƙarƙashin matakalar bene, ba taga, sai wata fanka mai juya kai da ƙyar, da tsofaffin kujeru masu ƙafa uku da aka kifa kan juna har rufi. Duk wanda zai hau bene sai ya bi ta kansa, shi kuwa a ganinsa wannan ita ce shaidar cewa a kansa kamfanin ya tsaya. Sabon ma'aikaci in ya zo neman kujera, sai ya saurari darasi a tsaye tukuna.

"Samari, kamfani ba gini ba ne, kamfani wurin zama ne. Nuna mini inda aka zaunar da mutum, in gaya maka ko shi wane ne. Ni da kake gani, babu wanda ya taɓa zama a gidan nan ba da izinina ba, har shi manajan."

Daga nan sai ya miƙa masa mai ƙafa uku, ya ce ya fara da wannan.

To, wannan babban mutum, mu 'yan ajinsu Kunne muke ce masa. Ba mugunta ba ce, tarihi ne. Ranar da za a ɗauki hoton gama karatu, shi ya riga kowa zuwa. Ya goge riga, ya shafa mai, ya kafe a tsakiyar sahun gaba tun ana share filin. Da malamai suka iso, mai hoto ya ce ya ɗan matsa. Ya matsa. 'Yan mata suka zo, aka ce ya ƙara matsawa. Haka ya yi ta matsawa cikin ladabi har ya kai ƙarshen sahu. Ana shirin ɗauka sai ga Dogo a guje, wanda a rayuwarsa bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, ya kutsa ya tsaya a gefensa, ya ture shi da kafaɗa. Da aka wanko hoton, kowa ya fito tsaf. A can gefen hagu, daf da inda takardar ta ƙare, akwai kunne guda da ɗan bakin kwalar riga.

Mu dariya muka yi, muka wuce. Shi ne ya kai hoton gida. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ta goge hannu a zane ta karɓa, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ta sake bi. Sannan ta ce, "Kai kuma ina kake?" Ya nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "To, Allah ya yi albarka. Kunnen ma ya yi kyau." Wannan magana ita ce ta zauna masa a ƙirji, kuma ba ta tashi ba. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya mallaki kujerun kamfani guda, amma duk lokacin da ya dubi hoton a bangon falonsa sai ya ji zuciyarsa ta yi ƙuna. Har firam ya sa aka canza masa zuwa mai siririn baki, don na farkon yana cin rabin kunnen.

Muna da wani zaure a waya, mu 'yan ajin, inda muke gaisuwar safiya, muna tura hotunan jikokin da ba wanda ya tambaya, muna yi wa juna barka da ƙarin girman da ba mu ji daɗinsa ba. Wata rana wani ya rubuta cewa ya kamata a haɗu a ga juna tun ba a fara haɗuwa a wurin ta'aziyya ba. Kowa ya ce shawara ce mai kyau. Da aka zo batun wa zai shirya, sai zauren ya yi tsit. Mu da muke kwana muna tashi a kan waya, ranar duk aiki ya yi mana yawa. Likita ce ta yi ta maza, wata 'yar ajinmu mai maganin dabbobi, mace mai gajeriyar magana. Ta ce ita za ta iya neman wuri, in da wanda zai ɗan taimaka mata.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Yana zaune a ƙarƙashin matakala saƙon ya same shi, ya karanta, murna ta kama shi. Taro ba ya tashi sai da hoto. Hoto kuwa yana da tsakiya. Ya gyara zama ya rubuta amsa mai tsawon da sai an danna sau biyu kafin a kai ƙarshenta, inda ya bayyana cewa duk da nauyin da ke wuyansa na tafiyar da babban kamfani, ya amince ya sadaukar da kansa.

Nan take muka rufe shi da yabo. Wani ya ce dama shi ne ƙashin bayan aji. Wani ya ce tun muna makaranta ya hango shugabanci a goshinsa, alhali ko sunansa na yanka bai riƙe ba. Wanda ya fi kowa kirari shi ne wanda ya fi kowa tsoron kada aikin ya dawo kansa. Haka muka ɗora wa bawan Allah kaya muna tafa masa, kowa ya koma kan abin da yake yi, watau ba komai.

An ce ya ɗan taimaka. Kafin mako ya zagayo, Likita ce ta koma mai ɗan taimakawa. Ya kafa kwamiti, ya sa ta a ciki, ya kuma sa Dogo, wanda yanzu dillalin tayoyi ne, ya ƙara faɗi a kan tsawon da yake da shi. Mutane suka ce kai, wannan mutum akwai yafiya. Ba yafiya ba ce. So yake abokin gaba ya kasance inda idonsa yake ganinsa.

A falonsa aka yi zaman farko, ƙarƙashin hoton. Ya sa aka jawo teburin cin abinci tsakiya, ya zauna a mazaunin shugaba, ya jera birorinsa. Uwargida ta kawo shayi ta koma bakin ƙofar kicin ta tsaya, don ta san yau akwai kallo.

"'Yan kwamiti masu daraja," in ji shi ga mutum biyu, "taro irin wannan ba a yin sa da ka. Na raba aikin gida-gida. Akwai ƙaramin kwamitin wuri, da na abinci, da na tarbar baƙi, da na ladabtarwa, sai kuma uwa uba, kwamitin hoton tarihi. Don gudun ruɗani, ni zan shugabanci dukkansu."

Likita ta ce, "Mu kuma fa?"

"Ku ne mambobi."

Dogo ya kurɓi shayi ya ce, "Kai dai Kunne, ba ka canza ba wallahi."

Ya ajiye biro a hankali. Ya ce daga yau, a duk wata hulɗa ta aiki, sunansa Babban Jami'in Tsare-tsare, kuma wannan shi ne ƙuduri na farko da kwamitin ladabtarwa ya zartar. Dogo ya ce ya ji, Kunne, ba zai ƙara ba.

Wuri dai Likita ta samo: filin ciyawar da ke gaban tsohon ɗakin taron kwalejin, inda aka ɗauki wancan hoton. Abinci ma ita ta ji da shi. Shi Babban Jami'i bai da lokacin ƙananan abubuwa, hoto ne a gabansa. Ya aiko da sanarwa a zaure cewa kowa ya turo tsawonsa da faɗinsa domin tsara sahu. A nan ne muka nuna halinmu. Gajeru suka ƙara, masu ƙiba suka rage. Wani da muka sani ba ya ganin takalminsa sai ya zauna, ya turo awon da ya yi tun yana saurayi. Wata ta ce ita faɗinta sirri ne tsakaninta da telanta. Babban Jami'i ya tattara ƙaryarmu gaba ɗaya, ya shimfiɗa babbar takarda a ƙasan falo, ya rarrafa a kanta yana zana wa kowa gurbinsa. A tsakiyar sahun gaba ya zana wani da'ira da jan biro. A can ƙarshen sahun baya, gefen hagu, inda takardar ta kusa ƙarewa, ya rubuta Dogo.

Sai kuma doka. Ya yi nazarin abin da ya ci shi a wancan karon, ya gano cunkoso ne. Don haka ya zartar cewa taron na 'yan aji ne zalla. Ba miji, ba mata, ba ɗa, ba direba, ba ɗan rakiya. Duk wanda ba a yi jarrabawa tare da shi ba, iyakarsa bakin get. Mutum biyu kawai aka yi wa sassauci: mai hoto, da tsohon malaminmu na lissafi da muke kira Baba Mai Alli, wanda shi kaɗai ya rage a cikin malamanmu.

Masu hoto kuwa sai da suka sha tambayoyi kamar masu neman aure. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya ofishinsa, ya zaunar da su kan mai ƙafa uku, ya ciro kwafin tsohon hoton daga jaka.

"Duba nan da kyau. Me ka gani?"

Na farko ya ce bai ga komai ba, aka sallame shi. Na biyu ya yi dariya, aka sallame shi da gaggawa. Na uku, wanda da alama ya san duniya, ya girgiza kai ya ce wannan zalunci ne. Shi aka ɗauka. Sai dai tun a ranar mutumin ya faɗa masa cewa yana da wani aikin da yamma, don haka a yi hoton da wuri. Babban Jami'i ya ce ya ji, irin jin da manya suke yi.

Saura kujera. Ba zai zauna a kan farar roba irin ta kowa ba. A can bayan sito akwai wata tsohuwar kujerar manaja, ta fata, mai hannuwa da dogon baya, wadda ya daɗe yana ɓoyewa. Ya rubuta takardar neman aro, ya miƙa wa kansa, ya duba, ya amince, ya sa hannu da baƙin biro. Aka kawo ta gida. Kullum bayan la'asar sai ya sa kayan da ya ɗinka domin ranar, ya hau kujerar a gaban madubi yana gwada fuska. Akwai fuskar dattako, akwai ta tawali'u, akwai wadda yake kira murmushin wanda ya ga jiya ya ga yau. Duk cikinsu sai ya shanye tumbi ya riƙe numfashi.

Uwargida tana ninke kayan wanki a gefe ta ce, "Baban yara, ka dinga shan iska. In ka ci gaba a haka, a gadon asibiti za a ɗauki hoton."

Bai tanka ba, don fuskar dattako ba ta magana.

Ta ce, "Ni dai ka bar ni in bi ka. Ko jakarka ce in riƙe maka. Shekara nawa ina goge wa kunnen nan ƙura, ai na cancanci in ga ranar da sauran jikin zai shiga."

Maganar ta taɓa shi, har ya ji kamar ya ce to. Amma me 'yan aji za su ce in mai doka ya fara taka dokarsa? Ya saki numfashi ya ce, "Maman yara, doka ba ta san gida ba. Ki yi haƙuri, za ki gani a bango."

Ta ce Allah ya kai mu, ta ci gaba da ninkinta.

Ranar ta zo. Muka hallara, kuma wallahi abin kallo ne. Furfura ta sha baƙin shuni har tana ƙyalli. Motocin aro suka yi layi, masu su na gaskiya suna jira a waje saboda doka. Muka rungumi mutanen da ba mu tuna ba, muna cewa ba ka canza ba, alhali ta murya kawai muke laluben juna. Kowa ya zama darakta. Wanda yake zaman kashe wando ya ce yana harkar ba da shawara. Duk wanda ka duba ya shanye ciki yana magana a taƙaice, don numfashin ba ya isa doguwar jimla. Awon da muka tura kuwa, ko mutum ɗaya bai yi daidai da shi ba.

Babban Jami'i yana tsakiyar fili, ya rataya wani kati a wuya mai faɗin faranti, an rubuta muƙaminsa da manyan baƙaƙe. Duk wanda ya shigo sai ya karanta katin a hankali, ya ɗaga kai, ya buɗe hannuwa ya ce, "Kunne!" Ya haɗiye. Ya gaya wa kansa cewa yau ce rana ta ƙarshe. Da kowa ya gama shigowa, ya kori masu kawo abinci, ya tura mai gadi can bakin get, ya ce ya kulle kada ya bar ko kaza ta shigo.

Likita ta kawo Baba Mai Alli tana riƙe da hannunsa. Tsohon ya rame, ido ya yi rauni, kunne ya yi nauyi, yana dogara sanda. Babban Jami'i ya rusuna a gabansa ya gabatar da kansa da cikakken muƙami.

Baba ya ce, "Wa?"

Ya maimaita da ƙarfi.

"Ban gane ba, ɗana. A ajin nan kake?"

Dogo ya sunkuyo ya yi ihu, "Malam, Kunne ne!"

Fuskar tsohon ta washe. Ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Au, Kunne! Allah sarki. Ashe haka fuskarka take."

A tsarin farko, hoto ne zai fara. Amma da Babban Jami'i ya ga lasifika a kan tebur, ya ga jama'a a zaune suna fuskantarsa, sai ya ga bai kamata tarihi ya zo ba shimfiɗa ba. Ya ce zai yi 'yar gajeriyar maraba.

"Malaminmu mai daraja, 'yan uwana daraktoci, ba zan ɗauki lokacinku ba. Amma kafin mu san inda za mu, dole mu san inda muka fito. Mene ne taro? Mene ne aji? Mene ne, in an bi ta ƙwaƙƙwafi, zama?"

Ya ɗauko zance tun daga ranar da ya fara ganin sanarwar shiga kwaleji. Ya bi ta kan wahalhalun da ya sha wajen shirya taron, kwamiti bayan kwamiti, yana gode wa shugaban kowanne. Mu kuma, da yake abincin yana rufe a bayansa kuma ba a buɗewa sai ya gama, duk inda ya ja numfashi sai mu tafa da ƙarfi don ya gane ya isa. Shi kuwa sai ya ɗauka ƙari muke nema. Baba Mai Alli ya yi barcinsa. Iska ta fara kaɗa rigunan teburi, gabas ta yi baƙi.

Mai hoto ya lallaɓo ya raɗa masa, "Ranka ya daɗe, hadari ya haɗo, kuma ana jirana a wancan wurin."

Ya rufe lasifikar da tafin hannu ya ce, "Malam, tarihi ba ya gaggawa."

Ana ga yaƙi yana ga ƙura. Mai hoto ya koma ya tsaya, ya duba sama, ya duba agogo, ya sake dawowa, aka ɗaga masa hannu alamar ya kiyaye. Ya naɗe ƙafafun na'urarsa, ya saɓa a kafaɗa, ya bi ta bayan jama'a ya fice. Dukanmu mun gan shi. Babu wanda ya ce uffan, don kowa yana jiran wani ya faɗa.

Da jawabi ya ƙare, Babban Jami'i ya ba da umarnin a hau sahu. Ya buɗe takardarsa, ya shiga kiran mutane yana cusa su a gurabensu. Gurbin da aka zana wa siriri sai ga mai ƙiba ya zo, sahu ya kumbura ya yi faɗin da ba a tsara ba. Duk da haka ya jera mu a kan matakalar ɗakin taron, ya zaunar da Baba a gaba, ya ajiye kujerar fata a gefensa, daidai tsakiya, ya goge ta da hankici. Sannan ya juya ya ce mai hoto ya matso.

Ba mai hoto, sai iska.

Aka gaya masa. Ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi get, yana can nesa a kulle, duk wani mai hannun da zai iya riƙe waya yana bayansa bisa umarninsa. Likita ta sauko daga sahu ta ce, "Kawo wayarka in ɗauka. Ni ban damu da in fito ba. Je ka zauna."

Da ya miƙa mata a lokacin, da labarin ya ƙare a nan. Ya ma fara miƙawa. Sai ya tuna cewa wancan karon ma yarda da mai ɗauka ce ta ci shi.

"Likita, hoto ba allurar shanu ba ne. Tsaya in nuna miki yadda ake saita shi, in ɗauki na gwaji, sannan ki karɓa. Koma gurbinki tukuna."

Ta koma. Ya ja da baya, ya ƙara ja, ya ɗaga wayar. A cikin gilashin ya ga ajinsu kaf, ya ga kujerarsa tana jiransa a tsakiya. Sannan idonsa ya kai can ƙarshen sahun baya, gefen hagu. Tsarinsa ya yi aiki fiye da yadda ya zata. Babu abin da ya shigo na Dogo sai kunne.

Shekara ashirin da ɗoriya yana jiran wannan. Ya nemi daɗin da ya tanadar wa ranar, ya laluba ko'ina a ƙirjinsa, bai same shi ba. Abin da ya zo masa shi ne wata tsohuwa a bakin ƙofa tana bin fuskoki da yatsa. Dogo ma yana da 'ya'ya, kuma wani zai kai hoton nan gida. Ya yi tsaki, ya sauke wayar.

"Sahun baya, kowa ya matsa dama! Ke mai shuɗin mayafi, shigo ciki. Darakta, juya a kaikaice, ba kai kaɗai ba ne. Dogo, matso, na ce matso! Rage tsawo. Sa hannunka a kafaɗarsa."

Aka yi ta turereniya ana dariya. Masu riƙe da numfashi suka kasa, tumbuna suka koma inda Allah ya ajiye su. Baba Mai Alli, wanda ya koma barcinsa, ya farka da hayaniyar, ya ga kujera a gefensa ba kowa, ya ɗora sandarsa da hularsa a kai, ya washe baki. A daidai nan Babban Jami'i ya danna.

"To, kin ga yadda ake yi. Zo ki karɓa."

Bai rufe baki ba ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Daraktoci suka watse. Baƙin shuni ya fara gangarowa a goshi, kowa ya dafe kai ya nufi rumfa, inda abinci yake. Likita ta lulluɓe Baba da mayafinta, Dogo ya sungume shi ya yi ciki da shi. Babban Jami'i ya ruga ya ture sanda da hula, ya faɗa kan kujerar fata, ya shanye tumbi, ya ɗaura fuskar dattako, yana miƙa waya ga iska yana kira, "A dawo sahu! Minti ɗaya! Kwamitin ladabtarwa yana umartar kowa ya dawo!" Muna hango shi daga rumfa, baki cike, shi kaɗai a tsakiyar fili, daidai inda ya zana da jan biro. Wasunmu har sun ji tausayi. Amma ruwan da ƙarfi yake, kuma ba mu ga wanda ya fara fita ba.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kafin a ɗauke ruwan, duhu ya fara, Baba ya gaji an kai shi gida, masu motocin aro sun matsa a mayar musu da kayansu.

Washegari ya tura hoton gwajin a zaure, ba tare da jawabi ba, karo na farko a tarihinsa. Gaskiya ɗaya ce, ba a taɓa yi mana hoto mai kyau irinsa ba. Kowa yana dariya, kowa ya fito daga hula har takalmi, babu wanda aka yanke ko da gefen riga. Dogo yana can ƙarshe, cikakke, da kunnuwansa biyu. A tsakiya ga kujerar manaja, sanda da hula suna zaune a kai cikin dattako. Sai can ƙasa, a kusurwar hagu, wani abu ja-ja mai dishi-dishi ya ɗan leƙo. Mun daɗe muna buɗa hoton kafin mu gane. Ɗan yatsan mai ɗauka ne ya taɓa gilashi.

Nan take muka sake rufe shi da yabo, muka zaɓe shi ba hamayya ya zama mai shirya duk tarukan da za a yi nan gaba, kuma mai ɗaukar hoton aji na dindindin, tunda an ga hannunsa.

Uwargida ce ta kai aka wanko shi, ta sa aka yi masa firam mai siririn baki, ta rataye shi kusa da tsohon. Ta ja da baya ta dubi wannan, ta dubi wancan.

Ta ce, "Baban yara, kada ka damu, ana samun ci gaba. In Allah ya ja kwana, a hankali duk za ka shiga."

Burinsa ɗaya dai ya cika, kuma muna taya shi murna. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara ce masa Kunne. Yatsa muke kiransa.